Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Mai Aiki Biyu: Ribarta Da Iyakarta

A cikin watan Janairu na shekarar 2024, a wajen babban bikin baje kolin kayan lantarki da akan yi kowace shekara a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, kamfanin nan mai suna AMD ya ba da sanarwar fito da wasu sababbin ƙwaƙwalen kwamfutar tebur guda huɗu, waɗanda ya yi wa laƙabi da Ryzen 8000G. Ran 31 ga wannan wata aka fara sayar da su. Babbarsu, watau Ryzen 7 8700G, an sa mata kuɗi dala 329, mai bi mata, Ryzen 5 8600G, dala 229, ta ukun kuma, Ryzen 5 8500G, dala 179. Ta huɗun ba a kai ta kanti ba, sai aka keɓe ta domin kamfanoni masu harhaɗa kwamfuta.

Fitowar sabuwar ƙwaƙwalwa dai ba baƙon abu ba ne, domin kusan kowace shekara sai kamfanonin nan biyu masu gasa da juna, Intel da AMD, sun fito da wata. Abin da ya ja hankalin masana a kan waɗannan shi ne harafin nan na ƙarshe, watau G. Ma'anarsa ita ce an gina wa ƙwaƙwalwar sashen zanen hoto mai ƙarfi a cikin jikinta, har kamfanin ya yi ikirarin cewa mai kwamfutar tebur zai iya yin wasanni da ayyukan zane ba tare da ya sayi katin hoto na dabam ba, alhali kuwa katin nan shi kaɗai kuɗinsa yakan kai na ƙwaƙwalwar ko ma ya zarce. Magana ce ta aljihu, saboda haka ta shafi ma'aikacin gwamnatin da aka ɗora wa nauyin rubuta irin kwamfutocin da za a sayo wa ma'aikatarsa, ta kuma shafi ɗalibin da iyayensa suka daɗe suna tari domin su saya masa kwamfuta guda ɗaya wadda za ta kai shi ƙarshen karatu. Akwai gaskiya a cikin ikirarin kamfanin, amma gaskiyar tana da sharaɗi, sharaɗin kuwa ba a buga shi da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba.

Manyan akawuna da 'yan gayya

Kafin a kai ga sharaɗin, ya kamata mai karatu ya san ayyuka biyun da ake magana an haɗa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, wani ɗan falle ne na silikon wanda ko girman kan sarki bai kai ba. Ita ce ke karɓar umurni tana zartarwa ɗaya bayan ɗaya: ta buɗe wasiƙa, ta tara lissafin albashi, ta duba ko abin da aka rubuta ya yi daidai, ta yanke shawarar abin da za a yi gaba. Aikinta ya yi kama da na babban akawu wanda kowane fayil ya zo gabansa da irin tasa matsalar, sai ya karanta ya yi tunani kafin ya sa hannu. Ƙwaƙwalen zamani sukan ƙunshi irin waɗannan akawuna da dama, ana kiran kowane ɗaya cibiya. Ryzen 7 8700G tana da cibiyoyi takwas.

Zana hoto a kan allon kwamfuta kuwa wani aiki ne dabam. Allon da aka fi amfani da shi a ofisoshi yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600 ke nan, kuma kowane ɗigo sai an faɗa masa launin da zai nuna. Domin hoto ya yi motsi ba tare da ido ya ga tsinkewa ba, akan sake zana allon duka har sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. In an buga lissafi za a ga ana bukatar yanke hukunci a kan launi fiye da sau miliyan 124 a kowace daƙiƙa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan lissafe-lissafe ba mai wuya ba ne, yawansu ne abin tsoro. Wannan aikin gayya ne: gona mai faɗi ba ta bukatar alƙali, tana bukatar hannuwa masu yawa da za su jera su yi noma iri ɗaya a lokaci ɗaya. Saboda haka aka ƙirƙiro wata na'ura ta musamman mai ɗauke da ɗaruruwa ko dubban ƙananan masu lissafi, kowannensu ba shi da basirar akawu, amma in sun taru sai su share gonar cikin ƙiftawar ido. Ita ce ake ɗorawa a kan katin hoto, a haɗa ta da rumbun ajiyarta da fankarta, a soka katin a jikin babban allon cikin kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira madabod.

Yadda aka faro

Tun ranar da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a watan Agusta na 1981, zanen allo aikin kati ne na dabam, kuma haka aka daɗe ana tafiya. Da wasannin kwamfuta masu hoto mai zurfi suka bunƙasa a tsakiyar shekarun 1990, sai katin ya zama kasuwa mai zaman kanta. Kamfanin 3dfx ya yi tashe da katinsa Voodoo a 1996, sa'an nan Nvidia ya fito da GeForce 256 a 1999. To amma mafi yawan masu sayen kwamfuta, musamman ofisoshi da makarantu, ba wasa za su yi ba, wasiƙa za su buga da lissafi. Intel ya lura da haka, sai a 1999 ya cusa ɗan ƙaramin sashen zane a cikin wata na'ura da ke jikin madabod, mai lamba 810. Masu wasa sun yi ta yi masa dariya saboda rauninsa, ofisoshi kuwa suka yi ta saye, domin ya rage musu kuɗin kati.

A shekarar 2006 AMD ya yi wata kasada wadda ta kusa kai shi ƙasa. Ya sayi kamfanin ATI na ƙasar Kanada, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera katin hoto, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 5.4, da niyyar haɗa ƙwaƙwalwa da sashen zane a kan falle ɗaya na silikon. Ya sa wa shirin suna Fusion. Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi, sai da aka shafe kusan shekara biyar kafin abin ya fito. A cikin wannan tsakani bashi ya yi wa kamfanin katutu, a 2009 ya rabu da masana'antunsa na ƙera silikon, a 2013 kuma ya sayar da ginin ofisoshinsa na birnin Austin ya koma ɗan haya a cikinsa. Intel bai tsaya jira ba. A Janairun 2010 ya sa falle biyu, na ƙwaƙwalwa da na zane, a cikin gida ɗaya, a Janairun 2011 kuma ya narkar da su suka zama falle ɗaya a ƙwaƙwalen da aka sani da Sandy Bridge. AMD ya biyo baya da nasa na kwamfutar tebur, mai suna Llano, a tsakiyar wannan shekara. Tun daga lokacin mafi yawan kwamfutocin ofis ba su da katin hoto ko kaɗan, ko da yake masu aiki da su ba su san haka ba.

Abin mamaki, ba kwamfutar tebur ce ta fara biyan AMD wahalarsa ba. A watan Nuwamba na 2013 kamfanonin Sony da Microsoft suka fito da na'urorin wasansu, PlayStation 4 da Xbox One, dukansu biyu kuwa da irin wannan haɗaɗɗiyar ƙwaƙwalwa ta AMD suke aiki. Cinikin nan ya taimaka ƙwarai wajen riƙe kamfanin har zuwa 2017, sa'ad da ya fito da jerin Ryzen a ƙarƙashin shugabancin Lisa Su, wadda ta karɓi ragamarsa a 2014. Daga nan aka sami Ryzen 5 2400G a 2018, da Ryzen 7 5700G a 2021. Ita ta 2021 ta faɗo a kan gaɓa, domin a lokacin annobar korona da masu haƙar kuɗin intanet sun sa katin hoto ya yi wuyar samu, wanda aka samu kuma an ninka masa kuɗi. Mutane da yawa da ita suka yi maleji har kasuwa ta lafa.

Abin da ke cikin sabuwar

Ryzen 7 8700G falle ɗaya ce mai faɗin murabba'in milimita 178, wadda kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera wa AMD. A kan wannan ɗan fili an jera taranzisto kimanin biliyan 25. Dattawa za su tuna da rediyon taranzisto wanda ake alfahari da shi in yana da guda shida ko takwas, ƙwaƙwalwar farko kuma da Intel ya sayar a 1971, mai lamba 4004, guda 2,300 gare ta. Cibiyoyinta takwas suna iya bugawa har sau biliyan 5.1 a daƙiƙa. Sashen zanenta, mai suna Radeon 780M, yana da rukuni 12 na 'yan gayya, jimlarsu 768. An ƙayyade zafin da take fitarwa a kan wat 65, ko da yake in aiki ya yi tsanani takan ja wutar da ta ɗan ɗara haka.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da asalinta. Ba domin tebur aka fara zana ta ba. Fallen nan shi ne wanda AMD ya sa a kwamfutocin tafi-da-gidanka a 2023, daga baya aka sake masa gida aka ba shi ƙarin wuta domin ya zauna a madabod irin na tebur. Wannan ne ya sa ba ta da cin wuta, shi ne kuma ya sa take da wasu ƙarance-ƙarance da za mu zo kansu.

Da masu gwaji suka same ta, sun tabbatar cewa a lokacin ba a taɓa ganin sashen zane na ciki mai ƙarfinta ba a ƙwaƙwalwar da ake sakawa a madabod na tebur. Wasanni da yawa na zamani sun gudana a kanta yadda za a iya jin daɗinsu, muddin an rage ƙawar hoton. Tana kuma iya buɗewa da matse bidiyo a sabon tsarin nan na AV1 ba tare da ta wahalar da cibiyoyinta ba, abin da ke da amfani ga masu haɗa fim da masu koyarwa ta intanet. Har nan ikirarin kamfanin ya tsaya da ƙafafunsa.

Masu ɗiba biyu, rijiya ɗaya

To, ga sharaɗin. Akawu ko ɗan gayya, kowa yana bukatar inda zai ɗauko kayan aiki ya kuma ajiye abin da ya gama. A kwamfuta wannan wuri shi ne rumbun aiki, wanda aka fi sani da ram, watau 'yan sandunan nan da ake sokawa a madabod kusa da ƙwaƙwalwa. Katin hoto na dabam yana zuwa da nasa rumbun, na musamman, mai saurin gaske, wanda ba ya raba shi da kowa. Sashen zane na ciki kuwa ba shi da rumbun kansa. Da shi da cibiyoyin ƙwaƙwalwa duk a rijiya ɗaya suke ɗiba, kuma ta hanya ɗaya suke bi.

Bari mu sa lambobi domin maganar ta fito fili. Sandar ram ɗaya irin ta DDR5 mai gudun 5,200, wanda shi ne gudun da AMD ya amince da shi a hukumance, tana iya kai bayanai gigabait 41.6 a daƙiƙa. In an sa sanda biyu, kowace a tata hanyar, sai a sami gigabait 83.2. In an sayi masu gudun 6,000, a sami 96. Wannan shi ne abin da cibiyoyi takwas da 'yan gayya 768 za su raba a tsakaninsu. Katin Radeon RX 6600 kuwa, wanda ya fito tun 2021 kuma ba a lissafa shi cikin manyan katuna, yana da hanyar gigabait 224 a daƙiƙa shi kaɗai. GeForce RTX 4060 na Nvidia yana da 272. Ko da an ninka yawan 'yan gayyar da ke cikin ƙwaƙwalwar, in guga bai ƙaru ba sai dai su tsaya a bakin rijiya suna jiran layi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan tana cikin kayan AMD ɗin kansa. PlayStation 5 da ta fito a 2020 ita ma haɗaɗɗiyar ƙwaƙwalwa gare ta, babu wani katin hoto a cikinta, amma zanenta ya fi na 8700G nesa ba kusa ba. Sashen zanenta ya fi girma, gaskiya ne, amma abin da ya ba shi damar yin aiki shi ne an kewaye shi da rumbu irin na katin hoto mai hanyar gigabait 448 a daƙiƙa. Watau dai haɗa aiki biyu a falle ɗaya ba shi ne ke kawo rauni ba, ƙuncin hanyar rumbu ne.

A nan ne mai saye ke iya cutuwa ba tare da an yi masa ƙarya ko guda ba. A ce an rubuta a takardar kwangila cewa a kawo kwamfuta mai Ryzen 7 8700G da ram gigabait 16. Ɗan kwangila yana iya sa sanda ɗaya mai 16, yana kuma iya sa biyu masu takwas-takwas. A takarda duka ɗaya ne, mai binciken kaya zai kunna kwamfuta ya ga 16 ya sa hannu. Amma mai sanda ɗaya an toshe mata rabin hanya, kuma sashen zanen da aka biya kuɗi mai yawa dominsa zai yi asarar babban kaso na ƙarfinsa. Kwamfutar za ta buga wasiƙa lafiya lau, ba wanda zai yi ƙorafi, sai ranar da aka ba ta taswirar gini ko bidiyo. Layi ɗaya tak a takardar, mai cewa ram ya zama sanda biyu masu girma ɗaya, ya isa ya toshe wannan ƙofa.

Har wa yau, tun da yake sashen zanen ba shi da rumbunsa, yakan yanki wani kaso na ram ya riƙe. Kwamfuta mai gigabait takwas, in aka cire rabon zane da na Windows, abin da ya rage wa mai aiki kaɗan ne. A ganinmu 16 shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace da irin wannan ƙwaƙwalwa, mai aikin zane na gaske kuwa ya nemi 32. Sai dai wannan shawara ta yi nauyi a ƙarshen shekarar 2025, sa'ad da farashin DDR5 ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi wa masana'antun rumbu rubdugu. Ƙwaƙwalen 8000G kuwa ba sa karɓar tsohon ram na DDR4, kuma sai da sabon madabod mai mazaunin da ake kira AM5.

Suna da lamba

Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne suna. Mai saye yakan ɗauka cewa 8000 ta fi 7000, tun da lambar ta fi girma. Ba lallai ba ne. Cibiyoyin 8700G irin ginin nan ne na Zen 4, daidai da na jerin Ryzen 7000 da suka fito a watan Satumba na 2022. Bugu da ƙari, domin a sami filin da za a zaunar da babban sashen zane, an rage mata wata 'yar ma'ajiya ta kusa da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta, wadda ke aiki kamar aljihun tebur inda akawu ke ajiye takardun da yake yawan dubawa. Ryzen 7 7700 tana da megabait 32 na wannan aljihu, 8700G kuwa 16. Hanyar da ta tanadar wa katin hoto, in mutum ya so ƙara shi daga baya, ita ma rabi ce: layi takwas maimakon 16, a 8500G ma layi huɗu kacal. Saboda haka wanda ya san zai sayi kati ko ba daɗe ko ba jima, ya biya kuɗin abin da zai daina amfani da shi, ya kuma sami ƙwaƙwalwar da ba ta kai 'yar'uwarta ba.

Haruffan ƙarshe su ma abin lura ne. A cikin 2024 AMD ya fito da Ryzen 7 8700F da Ryzen 5 8400F. Harafin F yana nufin an kashe sashen zanen gaba ɗaya, kuma haka yake a ƙwaƙwalen Intel masu wannan harafi. Wanda ya sayi mai F domin ta fi araha, bai sayi kati ba, zai jona allo a madabod ya kunna ya ga duhu. Tsakanin masu G ɗin ma akwai tazara mai yawa: 8700G rukunin zane 12 gare ta, 8600G takwas, 8500G huɗu. Suna ɗaya ne ya tara su, ƙarfinsu ba ɗaya ba.

Akwai kuma sashen ƙirƙirarriyar basira da aka yi ta tallatawa a 8700G da 8600G, wanda ke iya lissafi tiriliyan 16 a daƙiƙa. Wata huɗu bayan fitowarsu, a watan Mayu na 2024, Microsoft ya ba da sanarwar cewa kwamfutar da za ta sami sababbin ayyukansa na Copilot+ sai ta kai tiriliyan 40. Kada wannan sashe ya zama dalilin da zai sa kowa ya ƙara ko sisi.

Wa ta dace da shi?

Gaskiyar da mai talla ba zai so a faɗa ba ita ce, akawun da aikinsa bai wuce wasiƙa da jadawalin lissafi da intanet ba, ba ya bukatar 8700G. Ɗan ƙaramin sashen zanen da ke cikin kusan kowace ƙwaƙwalwar Intel, ko wanda AMD ya sa a jerin 7000 mai rukuni biyu kacal, ya ishe shi har da saura. Ma'aikatar da ta sayo wa masu buga takardu ƙwaƙwalwar dala 329 ta yi abin da ake cewa sayen doki domin zuwa bayan gida. Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun daga ran 14 ga Oktoba na 2025, ranar da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, abin da ya tilasta wa ofisoshi da yawa a duniya tunanin sauya tsofaffin kwamfutocinsu. Inda za a sayi ɗaruruwa a lokaci ɗaya, bambancin dala 100 a kowace ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne.

A ɗaya gefen kuma, matashin da wasa ne babban burinsa shi ma ba ita ce ta fi masa ba. Masu gwaji da dama sun nuna tun a 2024 cewa in an ɗauki kusan kuɗin da za a kashe a kan 8700G da madabod ɗinta da ram ɗinta, aka sayi ƙwaƙwalwa mai araha ta tsohon jeri tare da kati irin RX 6600, za a sami saurin wasa wanda ya ninka nata ko ya fi. Kowa ya bi lissafin rijiyar nan da ke sama ba zai yi mamaki ba.

Masu cin moriyarta suna tsakiya. Ɗalibin injiniya ko na zanen gine-gine wanda ke bukatar cibiyoyi masu yawa da zane matsakaici, ofishin safiyo da ke buɗe taswirori, sashen watsa labarai da ke yanka gajerun bidiyo, ɗakin koyar da kwamfuta na jami'a inda ake so na'ura ɗaya ta yi ayyuka iri-iri: waɗannan su ne za su ga amfanin kuɗinsu, musamman a 8600G wadda ta fi daidaita tsakanin ƙarfi da farashi.

A ƙasa irin tamu kuma akwai wani ma'auni da masu gwaji na Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, watau wuta. Katin RX 6600 yakan ja wat 132 in yana cikin aiki, RTX 4060 kuma 115, ban da abin da ƙwaƙwalwa ke ja. Gaskiya ne in kati yana zaune ba ya aiki, abin da yake ci kaɗan ne, saboda haka kada a zaci kuɗin wuta zai ragu da rabi. Amma injin janareto da batirin inbata da faifan sola, duk ana auna girmansu ne da nauyin da za su ɗauka in kowa yana aiki. Ɗakin kwamfuta mai na'ura 50, in kowace tana da kati mai wat 132, an ƙara wa janareto nauyin wat 6,600 ke nan. Tun kuwa da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta mai da kuɗin wuta na rukunin A naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilu na 2024, jami'o'i da manyan asibitoci suka shiga duba kowace na'ura da idon mai biya. Ga kuma zafi da ƙurar hunturu: kati yana zuwa da fanka ɗaya ko biyu ko uku, kowace kuwa ƙofa ce ta ƙura kuma abu ne mai iya tsayawa. Kwamfuta marar kati ta fi ƙanƙanta, ta fi sauƙin sharewa, kayan da za su lalace a cikinta sun fi kaɗan.

Inda aka dosa

Kamfanonin sun san inda gizo ke saƙa, kuma sun fara neman faɗaɗa hanyar rumbu. Apple ne ya nuna hanya a watan Nuwamba na 2020 da ƙwaƙwalwarsa M1, inda ya manna rumbun a gefen ƙwaƙwalwa a cikin gida ɗaya. A farkon 2025 AMD ya fito da Ryzen AI Max+ 395, mai rukunin zane 40 da hanyar rumbu ta gigabait 256 a daƙiƙa, watau kusan ninki uku na abin da 8700G ke samu, kuma zanenta ya shiga sahun katuna matsakaita. An sa ta a wasu ƙananan kwamfutocin tebur. Sai dai an biya farashi: ƙwaƙwalwar da rumbun duk a like suke a jikin madabod, ba a cire su, ba a ƙara su. Wanda ya sayi mai gigabait 32 a kan 32 zai zauna har kwamfutar ta tsufa, in kuma rumbun ya sami matsala, mai gyaran da ke bakin kasuwa ba shi da sandar da zai zare ya sauya. Ita kuwa 8700G, da duk ƙuncin hanyarta, ana iya zare ta a sa wata, ana iya ƙara mata ram, kuma a 2024 AMD ya yi alkawarin ci gaba da fito da ƙwaƙwalen da za su zauna a mazaunin AM5 har zuwa 2027 ko bayanta.